Naɗin Sadin Ba Ya Jira

Lahadi, 6 ga Rajab, bayan la'asar

Kular ta dawo yadda ta tafi. Farfesun kaza ne, na ba shi kimba da citta har ni mai dafawa sai da idona ya kawo ruwa. Walid, mijin 'yata, ya ajiye ta a bakin ƙofa, ya ja da baya kamar kullum, ya kira ni yadda 'yan Madina ke kiran suruka, ya ce, "Hala, ki yi haƙuri, yau ma shayi kawai ta sha." Daga bayan labule na ce, "To, Allah Ya kyauta." Me zan ce wa suruki? Shekara biyu da auren nan ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba.

Yau kwana goma sha biyu da waccan Talatar da ta rasa cikin, kwana tara da sallamarta daga mustashfa, wato asibiti. A al'ada nan gidan za ta dawo, ni zan dafa ruwan wanka, ni zan dama kunun kanwa, ko da jariri ko babu. Ta ce a wuce da ita unguwar Ranuna, gidan mijinta. Ta kuma ce kada in zo.

Wannan littafin a durowar ɗakin da na gyara mata na same shi, sabo fil. Ta saye shi ne don rubuta lokutan shayarwa. Tunda ba za a rubuta wannan ba, ni zan ɓata shi.

Litinin, 7 ga Rajab, da hantsi

Mata uku sun zo jaje. Kowace sai ta leƙa ɗakin kafin ta zauna, ta ga gado a gyare ba kowa, ta dawo tana gyara mayafi. Na ce musu gidan mijin ya fi kusa da mustashfa. Suka ce gaskiya ne. Duk unguwarmu ta Aƙiƙ an san ba gaskiya ba ne.

Fatna maƙwabciyata, mai ƙunshin lalle, ita ba ta leƙa ba, don tana mustashfar a waccan ranar. Ta zauna ta tsince mini shinkafa ba ta ce uffan ba. Shirun Fatna ya fi zagin wani ciwo.

Talata, 8 ga Rajab, ƙarfe biyu na rana

Walid ya turo saƙon murya, na saurara sau huɗu. Daktora ta ce jinin yarinyar ya yi ƙasa sosai, ta zube. Ta ba su zuwa Laraba, 23 ga wata. In ba ta fara cin abinci ba za a kwantar da ita, a wannan benen dai, a wannan sashen da ta rasa cikin. Yarinyar ta ce wa mijinta sai dai a ɗauki gawarta, ita ba za ta sake hawa benen nan da ƙafarta ba. Na san halinta, nawa ne ta ɗebo.

Kwana goma sha biyar. Ina tsoro, kuma ban da wanda zan gaya wa.

Laraba, 9 ga Rajab, bayan la'asar

Tuwon shinkafa miyar kuka da man shanu. Ya dawo.

Alhamis, 10 ga Rajab, ƙarfe goma na safe

Ina neman daddawa a kabad na sama sai na jawo kwandonta. Wata huɗu ta yi a gidan nan tana goyon ciki, ta mayar mini da kusurwar kicin wani kanti. Gwangwanin sadin guda shida, kwalbar ruwan khal mai tsami, riɗi, gajeriyar shinkafar Masar, da fakiti biyu na baƙar takardar nan da take cewa nori, wai ganyen teku ne aka busar. A jikin murfin kabad ɗin ta manna takarda da rubutunta na Larabci, awon komai dalla-dalla.

Sushi take kiransa. Na kanti ɗanyen kifi ake sawa, mai ciki kuwa ba ta ci, shi ne ta koma yin nata da sadin, wai yana ƙara jini, ƙayarsa mai laushi tana gina ƙashin yaro. Ta naɗa shi a tafin hannu kamar ƙunshin gyaɗa, mai tsini a ƙasa, ta ci a tsaye tana rangaji. Ni kuwa ba irin tsiyar da ban yi mata ba. Na ce shekara talatin ina dafa abincin bukin Takari daga Aƙiƙ har Sih, 'yata ta ƙare a cin takarda. Tana dariya, tana ba ni amsa da Larabci. Haka take tun tana ƙarama, ka yi mata Hausa ta mayar maka da Larabci.

Na daɗe a tsaye da kwandon a hannu. Ban mayar da shi sama ba.

Juma'a, 11 ga Rajab, bayan sallah

Na tsaya ta wajen katangar maƙabartar Baƙi'a na yi addu'a. Ban san wajen kabarin jaririn ba, Walid kaɗai ya sani. Sun ce bai cika hannu biyu ba.

Asabar, 12 ga Rajab, bayan azahar

Na gwada. Bari in rubuta gaskiya tunda ba mai karantawa.

Na farko, na raina shinkafarta, na ɗauko doguwa ta kabsa, dafa-dukar Larabawa. Na biyu, na wanke ganyen. Wane ganye ne yake shiga abincina ban wanke shi ba? Zogale, yakuwa, alayyafo, kowa sai ya sha ruwa uku. Na tsoma guda biyar a roba, kafin in waiwayo sun narke sun zama kamar miyar karkashi, kicin ya ɗauki ƙarnin bakin teku. Fatna ta shigo aron turmi ta tarar da ni ina tsamo baƙin abu da mataci.

"Hajja Zulaiha, wannan kuma maganin me ne?"

"Abinci ne."

Ta dubi gwangwanin sadin, ta dube ni, ta ɗauki turmin ta fita. A bakin ƙofa ta ce, "Allah Ya sa a dace."

Saura ganye goma sha biyar.

Lahadi, 13 ga Rajab, da hantsi

Yau na bi takardar kamar mai bin karatun allo. Shinkafar Masar kofi biyu, a wanke har ruwan ya yi garau, a jiƙa rabin awa. Ruwa kofi biyu da ɗan ƙari. Kada a buɗe tukunya, ta ja layi biyu a ƙarƙashin wannan, ta san uwarta. In ta dahu a juye a faranti mai faɗi, a zuba khal cokali uku da sukari cokali ɗaya da ɗan gishiri, a riƙa yankawa da gefen ludayi ana fifita, har ta huce zuwa ɗumin jiki.

Ta dahu ta kama juna. Raina ya ɓaci da ganinta. Duk sunan da na yi a garin nan a kan warwara na yi shi, shinkafata ko a bango ka watsa kowace ƙwaya da hanyarta. Da wata cikin masu taya ni aikin buki ta sauke mini wannan, da ta ji magana. Amma haka takardar ta ce, kuma da na ɗanɗana ba laifi. Ba caɓewa ta yi ba, riƙe juna ta yi, kowace ƙwaya tana nan da ranta.

Na tsaya ina yi wa shinkafa fifita da maficin da na saya don mai jego. Na yi kuka sosai, na kawar da kai don kada ya ɗiga a ciki.

Dambun da na aika jiya ya dawo.

Talata, 15 ga Rajab, bayan la'asar

Ya naɗu! A na bakwai ya naɗu.

Ana raba ganyen biyu. Gefen mai kaushi ne ciki. Hannun da ke riƙe ganye ya kasance a bushe ƙarau, wanda ke ɗibar shinkafa a jiƙe, in ka rikita su ka shiga uku. Shinkafa kaɗan a ɓangaren hagu, ni kuwa hannuna ya saba da ciyar da mutum ɗari, kullum sai na cika. Sadin a tsiyaye mansa, a farfasa da cokali, a matsa lemun tsami, cokali ɗaya na kindirmo, don ta rubuta ban da mayonis. Kokwamba siriri, afokado, riɗi. A ɗago kusurwar ƙasa a kai sama, a mirgina, a liƙe bakin da ƙwayar shinkafa guda.

Na yi shida masu kyau, na jera su a kula, na rufe ruf don kada su sha iska, na naɗe da tawul. Walid ya karɓa ƙarfe huɗu. Ban gaya masa abin da ke ciki ba. Har yanzu hannuna ƙarnin kifi yake, kuma ba na son ya fita.

Laraba, 16 ga Rajab, bayan la'asar

Sun dawo, su shida. Sun yi laushi sun kwanta, ganyen ya zama kamar tsumma, yana ja kamar roba. Ba haka na rufe su ba, wallahi ba haka na rufe su ba.

Walid ya ce wannan karon da kanta ta buɗe. Ta daɗe tana kallo, ta mayar da murfin, ta shiga ɗaki ta murza makulli. Yau ko shayin ba ta sha ba.

Ko ta ɗauka gori nake yi mata? Ya Allah, ko ta ɗauka gori ne?

Saura mako guda.

Alhamis, 17 ga Rajab, da safe

Ban kunna wuta ba yau.

Juma'a, 18 ga Rajab, bayan la'asar

Fatna ta zo ba aron komai. Ta zauna a kan kujerar kicin ta cire takalmi, na san yau akwai magana.

"Hajja, kula nawa kika aika Ranuna?"

"Ban ƙirga ba."

"Ni na ƙirga, ta tagata nake ganin motar. Kin aika tuwo, kin aika dambu, kin aika wannan baƙin abin. Ke ɗin fa? Zuwa da kai ya fi aike."

Na ce ita ta ce kada in zo. Na ce ni ce uwa, ba a taɓa yi uwa ta je ta durƙusa wa 'ya ba, balle 'yar fari. Na ce mu haka muka taso, uwata har ta koma ga Allah ba ta kira sunana ba, ba ta taɓa sa mini loma a baki ba, kuma ban mutu ba.

"Ke a wancan zamanin kika tashi, kin san kunya ce. Ita a Madina ta tashi, tana ganin uwayen ƙawayenta suna habibti, habibti. Shekara ashirin da bakwai kina ce mata ke. Halas, shi ke nan, ta haƙura. Sai kuma ranar da ta fi bukatarki kika buɗe baki, a gabana, a gaban dangin mijinta. Hajja, abin da baki ya ɗaure hannu ba ya kwancewa."

Na ce ta tashi ta bar mini gida. Ta sa takalminta a nitse, ta ce gobe za ta dawo da turmina.

To bari in rubuta shi, sau ɗaya. A barandar mustashfa, ƙofar ɗakin a buɗe, na ce: wata bakwai ana cin takarda da kifin gwangwani, me kuke so ya zauna a cikin?

Daktora ta ce ba abinci ba ne. Ta ce ba laifin kowa ba ne. Tun kafin in yi maganar ta faɗa, kuma na ji ta. Na rasa wanda zan kama ne, na kama 'yata.

Asabar, 19 ga Rajab, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na dafa shinkafa don hannuna ya sami abin yi. Na naɗa guda biyu. Ɗaya na ajiye a faranti, ɗaya na kai baki nan take. Sai yau na taɓa ci.

Ganyen ya yi ƙaras a haƙorina. Shinkafar da ɗuminta, kifin da tsaminsa, kokwamba da sanyinta. Ashe abin da daɗi. Na zauna na zuba wa na farantin ido, ina duban agogo. Kafin minti goma ya fara sunkuyar da kai. Ruwan shinkafar ne yake shiga ganyen. Ni kuma na rufe shida a kula, na naɗe da tawul, na aika su tafiyar rabin awa.

Ba ta rubuta wannan a takardar ba, don ita ba ta taɓa ajiyewa ba. Sai na tuna. Wata ranar Alhamis, cikinta ya fito sosai, ta naɗa ɗaya ta miƙo mini, hannunta har kusa da bakina, ta yi Hausarta mai ɗingishi: "Ummi, ki ci yanzu, wannan ba ya jira." Na kauce. Na ce, "Ke, ajiye can, na ci anjima." Da yamma na zubar.

Wannan abincin ba a aika shi. Mai naɗawa da mai ci sai sun zauna gwiwa da gwiwa.

Saura ganye huɗu, in an raba takwas.

Lahadi, 20 ga Rajab, bayan azahar

Ta faɗi a banɗaki. Jiri ne, ta fasa goshi kaɗan. Walid ya zo ba kula a hannunsa, ya tsaya a inda yake tsayawa. Ya ce yana tunanin kai ta gobe ko tana so ko ba ta so, ba zai jira Laraba ba.

Na ɗage labulen. Ya firgita har ya kusa taka takalmansa. Yaron ya rame shi ma, ban sani ba, ta ina zan sani ina bayan labule?

Na ce, "Ka ba ni gobe. Ka zo ka ɗauke ni ƙarfe goma."

"Hala, ta ce in kin zo..."

"Na ji abin da ta ce. Ƙarfe goma."

Litinin, 21 ga Rajab, bayan asuba

Shinkafa tana jiƙe. Ganyen na sa shi a leda biyu na ɗaure. In ta kore ni fa? In ta kore ni a gaban mijinta, da wace fuska zan dawo Aƙiƙ?

Da wadda na tafi da ita mana.

Litinin, bayan la'asar

Na dawo. Bari in rubuta kafin in fara gyara labarin.

Na zauna a bayan mota da faranti a cinya, an rufe shi da ɗanyen ƙyalle don kada shinkafar ta bushe. Muka wuce Ƙuba, muka isa Ranuna. A gidan, ƙofar ɗakinta a rufe. Walid ya ƙwanƙwasa ya ce ga Hala. Ba amsa. Ya nuna mini falo, na ce a'a. Na shimfiɗa ledar cin abinci a ƙasa, daidai bakin ƙofar, na zauna na jera kayana: shinkafa, kifi, kokwamba, afokado, kofin ruwan jiƙa hannu. Na buɗe gwangwani, ƙarar ta cika gidan.

Na naɗa na farko na riƙe. Na ce, "Ke, ga shi." Shiru. Ina riƙe da shi har ya yi laushi a hannuna, na ajiye gefe. Na naɗa na biyu. Na ce, "Ke, wannan ba ya jira." Shiru. Shi ma ya mutu a hannuna. Na uku haka. Walid yana tsaye a ƙarshen baranda ya juya mana baya. Saura biyar.

Ban naɗa na huɗu ba. Na matsa har goshina ya taɓa katakon ƙofar. Na ce abin da na faɗa a mustashfa ƙarya ne, kuma na san ƙarya ne lokacin da nake faɗa. Na ce abincinta bai yi komai ba, ta kula da yaron nan fiye da yadda na kula da ita. Na ce ta yafe mini. Har yanzu shiru, amma na ji motsin gado.

Sai na kira sunanta. Sunan da ubanta, Allah Ya jiƙansa, ya raɗa mata, wanda Larabawan unguwa suke kirana da shi, Ummu wance, ɓaro-ɓaro ina jin kamar in nutse. Bai fita daidai ba, bakina bai san hanyarsa ba. Na sake kira.

Makulli ya juya. Subhanallahi, 'yata ta zama kamar sillen kara, ga filasta a goshi. Ta dafa bango ta zame ta zauna a ƙasa, gwiwarta tana taɓa tawa. Ba ta dube ni ba, matattun naɗin nan uku take kallo. Na shanya hannun hagu a zanina, na ɗauki ganye, na jiƙa na dama, na ɗebo shinkafa.

"Katir," in ji ta. Muryar ta dishe. Sai ta maimaita da Hausa. "Ya yi yawa, Ummi. Rage."

Na rage. Na sa kifi, na sa kokwamba, na mirgina, na liƙe da ƙwaya ɗaya. Na miƙa. Ba ta ɗago hannu ba. Na jira, ina jin ganyen yana fara ɗumi a yatsuna, ita kuma hannayenta suna kan cinyarta ba su motsa ba. Sai na gane. Na kai shi bakinta.

Na ji ƙaras ɗin.

Rabi ta ci, ta tsaya, ta kifa kai a kafaɗata, muka yi kukan da ya kamata mu yi tun kwana ashirin da bakwai da suka wuce. Da ta lafa ta ce, "Ya yi laushi, naɗa wani." Ta ci ɗaya da rabi. Walid ya fita wai zai duba mota.

Ba ta ce ta yafe ba. Ban tambaya ba.

Talata, 22 ga Rajab, bayan azahar

Na koma. Walid ya sayo sabon fakitin ganye. Ta ci biyu da rabi, da rabin kofin kunun kanwa, wanda ta sha tana yamutsa fuska kamar yadda nake yi wa nata abincin da. Ta ce afokadon bai nuna ba, ta ce ban tsiyaye man kifin sosai ba. Shekara talatin ba wanda ya isa ya gyara mini girki. Na ce to.

Fatna ta leƙo ta taga da motar ta sauke ni. Na ɗaga mata yatsa biyu, na lanƙwasa na uku. Ta ce, "Turminki yana nan, sai kin zo da kanki."

Laraba, 23 ga Rajab, bayan la'asar

Daktora ta ce jinin bai hau ba tukuna, kwana biyu ba sa gyara wata guda. Amma tunda ta fara ci, ta ƙara mata mako biyu a gida, da ƙwayoyi. Ba a hau benen ba. Ina zaune a ƙasa wajen jira da faranti a cinya, mutane suna kallona, ko a jikina.

A mota ta ce ba za ta dawo Aƙiƙ ba tukuna, ba za ta iya ganin ɗakin ba. Na ce ba komai, ni zan riƙa zuwa, ai abincin ba ya aikuwa.

Littafin nan don lokutan ciyarwa aka saye shi. To bari ya yi aikinsa.

Ƙarfe ɗaya da kwata na rana. Sundus ta ci huɗu.